Mai walda, inji da ƙarfe: wa za ka ba aikin bodin motar doguwar tafiya?

Idan kana da Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ko Kanta, kana so a haɗa ma ƙwarangwal na ƙarfe a baya wanda zai ɗauki tankin ruwa da jarkokin mai da safaya biyu da ɗan wurin kwana, toh ɗan'uwa ka tsaya mu yi maganar nan da kyau kafin ka miƙa ma kowa kafin alƙalami. Masu irin wannan buƙatar suna da yawa a ƙasar Katsina da Daura, akwai masu gyaran burtsatse da sola da ke yin sati a ƙauyukan Baure da Zango, akwai masu allurar dabbobi da ke bin ruga-ruga, ga 'yan kasuwar da ke ƙetare Kongolam su bi Matamaye su shiga Damagaram, wasu ma su miƙe ta Tanut har Agadas inda daga Damagaram kaɗai tafiyar ta haura kilomita 400. Hanyoyin nan da yawansu gargada ce da yashi da zafi, kuma in abu ya karye a can ba wanda zai zo ya ɗauke ka da wuri.

Get ɗin gida da bodin mota ba aiki ɗaya bane ko da ƙarfen iri ɗaya ne. Get ana kafa shi ya tsaya wuri ɗaya, a buɗe da safe a rufe da dare shikenan. Shi ko ƙarfen da ke bayan mota in kana kan burji yana lanƙwasuwa kaɗan ya dawo, ya sake lanƙwasuwa ya dawo, sau dubbai cikin awa ɗaya, ido baya gani amma ƙarfen gajiya yake, kuma inda yake fara tsagewa kusan kullum bakin walda ne, daidai layin da waldar ta haɗu da jikin fayif. Shi yasa hannun da ya yi aikin shi ne abu na farko da za ka duba, sannan inji, sannan ƙarfen.

Mu fara da mai ƙofa da taga tunda shi ya fi yawa, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa duk layin da ka bi sai ka ji ƙarar giranda. Farashinshi da sauƙi, yana da sauri, kuma wallahi wasunsu suna da ido wajen fidda kusurwa da ado. Matsalar ita ce ƙarfen da ya saba da shi, fayif ne mai kaurin milimita 1 ko ma ƙasa da haka, wanda in ka ɗan riƙe wuta a kai sai ya huje, don haka hannunshi ya saba da ɗige-ɗige, ya ɗiga ya ɗaga ya ɗiga ya ɗaga, daga baya a goge da giranda a cike ramukan da fila a buga fenti, aiki ya fito tas a ido. Ba ha'inci bane, get haka yake so. Amma tsakanin ɗigo da ɗigo akwai ɓawon walda da ya maƙale da wurin da bai narke ba, kuma nan ne girgiza ke nema. Irin wannan mai waldar ka bashi tsani, ka bashi akwatin kayan aiki, ka bashi ƙofofin gefe, amma ginshiƙan da za su ɗauki nauyi ni dai ban yarda ba sai ka gwada shi ya ci jarabawa.

Fanel bita mai waldar gas da kabad ba sai mun daɗe a kanshi ba. Wajen gyaran ƙarfen bodi marar kauri da sulansa babu kamarshi, amma wutarshi tana ɗumama wuri mai faɗi, fayif ya karkace, ga nawa. Kar a haɗa ma ƙwarangwal da gas.

Wanda ni na fi karkata gareshi shi ne mai haɗa bodin manyan motoci, wanda ke yi ma Kanta da tifa bodi yana gyaran tankar ruwa. Dalili shi ne aikinshi yana dawo mashi. Direba ya je Jibiya ko Mai'adua da lodi ya dawo ya nuna mashi inda ya buɗe, shekara da shekaru a haka har ya gane inda ƙarfe ke karyewa a jikin mota ba tare da wani ya karanta mashi ba, kuma ya iya jan walda doguwa a tsaye da a kwance har da ta ƙarƙashi. Amma shi ma da nashi laifin guda biyu kuma manya ne. Na ɗaya hannunshi da nauyi, a wurinshi kauri shi ne ƙarfi, in ka sakar mashi zai haɗa ma Hilux bodin da ya dace da gingimari. Na biyu da yawansu basa jin komai su kafa wuta a jikin shasi, wanda zan zo kanshi a ƙasa don shi ne babban abin da ke kashe mota. In ka riƙe waɗannan biyun a hannunka, sauran ka bar mashi.

Sai wanda ya yi karatun abin, ko ya fito daga sashen injiniya na Hassan Usman Katsina Polytechnic, ko mai takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ko wanda ya taɓa aiki a kamfanin gine-gine yana waldar bututu da tankuna. Shi zai karanta zane, zai lissafa ma nauyi kafin a yanka ƙarfe, ya san bambancin sandunan walda. Kuɗinshi ya fi, kuma takarda bata nufin hannu ya faɗa, wani ya san lissafin amma rabonshi da riƙe holda ya daɗe. In da hali haɗa su, shi ya zana ya lissafa, mai bodi ya yi waldar, ka biya kowa haƙƙinshi.

Yadda za ka gwada kuwa ba wuya. Ka je shagon da guntayen fayif biyu daga irin wanda za a yi aikin da shi, ka gaida shi da kyau ka ce, Maigida don Allah ina so a ɗan haɗa mani waɗannan in ga yadda ƙarfen zai karɓi wuta, zan biya kuɗin sanda. A tsayar da ɗaya kan ɗaya a yi waldar gefe guda kawai, a ɗaure a bayis a bi shi da guduma ta ɓangaren da zai buɗe waldar. In fayif ɗin ne ya lanƙwashe ko ya yage daga jikinshi waldar na nan, hannun ya yi. In waldar ce ta ɓalle ka ga ƙarfen ƙarƙashinta sumul kamar ba a taɓa shi ba, wuta bata ci ciki ba. A sake wata a yanka ta tsakiya da giranda ka leƙa ka ga ko ta ratsa har kusurwa. Ka duba ko ta zaizaye gefen fayif ta bar kwari, ka duba ƙananan ramuka. Sannan ka ce, Oga ko akwai wata mota da ka yi ma bodi shekara 2 ko 3 da suka wuce in je in gani? Ƙwararre baya jin haushin wannan tambayar, da kanshi zai gaya ma tashar da motar ke lodi. Wanda ya ɓata rai ya ce ai ni ba yau na fara ba, ka yi mashi godiya ka wuce.

Toh sai inji. Ko kai za ka saya ko na mai shagon za a yi amfani da shi, ya kamata ka san me ke gabanka.

Tsohuwar taransifoma, musamman naɗin gida da ake saka ma itace a gefe, bata mutuwa da wuri, ƙura bata dame ta ba, in ta ƙone a sake naɗi. Amma wutarta ta AC ce, tana cin lantarki sosai, kuma da yawansu ba a iya rage wutar daidai yadda ake so sai dai a canza waya daga wannan ƙugiya zuwa waccan, wannan ta yi kaɗan waccan ta yi yawa. A kan ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa sama ba laifi, a kan fayif mai milimita 2 kuwa sai gwani na gaske, in wutar unguwa ta yi ƙasa ma sanda ta dinga liƙewa kenan.

Inbata, wato ƙaramin injin nan da ake ratayawa a kafaɗa, a ganina shi ya fi dacewa da wannan aikin. Wutarshi DC ce mai laushi, kana murɗa ta amfiya-amfiya har ka samu daidai, nauyinshi bai wuce 'yan kilo ba, janareta mai 5 zuwa 6 kVA zata riƙe shi da sandar walda geji 10, wato mai kaurin milimita 3.2, ƙaramar janareta ta kallon ƙwallo kam kar ma a fara. Rauninshi ƙura da wuta marar tsayuwa, fankar ciki tana zuƙo ƙurar hunturu da garin ƙarfen giranda ta zuba a kan allon lantarkin, don haka a dinga hure shi kuma kar a yi guga kusa da shi. Wajen saye kar lambar da aka rubuta a jiki ta ruɗe ka, za ka ga ɗan inji kamar jakar hannu an rubuta 400, alhali soket ɗin gida mai wutar 220 ba zai iya bada wannan ba ko kusa. Abin dubawa shi ne ɗan allon bayanin da ke baya, inda aka rubuta kashi nawa cikin minti 10 zai iya aiki a kan wace wuta, in ka ga 60% a kan amfiya 120 ko 130, ma'ana minti 6 yana aiki 4 yana hutawa, wannan ya ishe ka har da ragi.

MIG, mai turo waya da kanshi yana feso iskar CO2 ta rufe waldar, shi masu haɗa irin waɗannan motoci a Turai da Amurka suka fi amfani da shi, kuma gaskiya a kan fayif marar kauri ya fi sanda sauri da tsafta, da waya mai 0.8 sai ka yi ta ja ba ɓawo ba tsayawa canza sanda. Amma ka duba inda muke. Shagunanmu yawanci rumfa ce a bakin titi, daga Disamba zuwa Fabrairu iska na kaɗawa, tana ɗauke iskar da ke kare waldar sai ta fito da ramuka a ciki. Tukunyar iskar in ta ƙare sai an nemo inda za a cika, wayar in ta sha ƙura ko tsatsa ta dinga sarƙewa. Sannan akwai abin da ya fi bani tsoro da MIG a hannun wanda bai ƙware ba, yana iya shimfiɗa walda kyakkyawa sumul a sama alhali ƙasan bata kama komai ba, sanda in bata yi ba tana nunawa a fuska, MIG yana ɓoyewa. In ka samu shago mai bango huɗu da wanda ya daɗe yana amfani da shi ya kuma ci gwajin guduma, bismillah ka bashi, zai ma fi. In ba haka ba kar ka biya ƙarin kuɗi saboda sunan inji. Akwai wayar da ke ɗauke da maganinta a ciki bata buƙatar tukunya, tana jure iska, sai dai tsada da feshi.

Waldar agon, TIG kenan, ta alminiyom ce da silba, tana da kyau tana da nawa tana da tsada, sai dai in tankin ruwan sha za a haɗa ma.

Sandar walda a kasuwa da geji ake kiranta, geji 12 kusan milimita 2.5 ce, geji 10 kuma 3.2. Ta yau da kullum da kowa ke amfani da ita 6013 ce, kuma ta isa ga fayif mai milimita 2 zuwa 3 in an share tsatsa da mai an yi ta da kyau, geji 12 a kan amfiya 60 zuwa 90. Amma wurin da ke ɗaukar duka, wato kunnuwan da za su riƙe bodin da mazaunin tanki da mariƙin safaya, ka sayo 7018, ta fi ƙarfi kuma ta fi jure lanƙwasa bata saurin tsagewa. Tana son DC, tana da wuyar kunnawa ga wanda bai saba ba, kuma bata son danshi sam, in damina ce ka sayi sabon kwali a rufe kar ka karɓi wadda ta kwana biyu a buɗe a ƙasan benci. Mai waldar da ka ambaci 7018 ya gane ya kuma ce tana son a riƙe ta kurkusa da ƙarfe, alama ce mai kyau.

Yanzu ƙarfen kanshi, nan ne kuɗi ke tafiya kuma nan ne mota ke shan wahala. Angul da sukwaya fayif su ake gardama a kai. Angul yana da araha a ido, yana da sauƙin walda saboda kauri, ruwa baya ɓuya a cikinshi, amma riƙe shi ta baki biyu ka murɗa ka gani, yana juyawa da sauƙi saboda buɗaɗɗe ne. Fayif rufaffe ne, a nauyi ɗaya ya ninka angul wajen ƙin murɗuwa nesa ba kusa ba. Mita ɗaya na angul 50 da 50 mai kaurin 5 ya kusa kilo 3.8, fayif 40 da 40 mai kaurin 2 kusan kilo 2.3 ne, 50 da 50 mai kaurin 3 kuma kusan 4.3. Rodin gini kam baya cikin lissafin, duk da an kafa kamfanin mulmula ƙarfe a nan Katsina tun farkon shekarun 1980, rodi an yi shi ne don ya kwanta cikin kankare, wani in an yi mashi walda sai ya yi tauri ya karye a bakin waldar.

Bari mu yi lissafi da misali don a gane. Ka ce akwatin da za a yi tsawonshi mita 2.2, faɗi 1.8, tsayi 1.5. Gefunan kaɗai mita 22 ne, in aka ƙara na tsakiya da na ƙofa da 'yan karkatattun da ke tokare kusurwa ka ce mita 45. Da 40 da 40 mai kaurin 2 ka tashi da kilo 100 da 'yan kai. Da 50 da 50 mai kaurin 3 ka ɗan haura 190. Rufin gefe da sama kusan murabba'in mita 16 ne, falen ƙarfe mai milimita 1.5 zai ba ka kusan kilo 190, falen alminiyom mai kauri ɗaya kusan 65 tunda alminiyom kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Daɓen ƙasa da cekafilet mai milimita 3 kusan kilo 100, da filawud mai kauri a kan fayif bai kai rabin haka ba. Haɗa ka gani, tsakanin aikin mai nauyin hannu da aikin lissafi akwai sama da kilo 250, ya fi durom ɗin ruwa mai lita 200 cike, kuma wannan kafin ka ɗora ko tabarma. Irin su Hilux da Land Cruiser ɗin nan jerin 70 da Toyota ke yi tun 1984, abin da za su ɗauka gaba ɗaya bai yi nisa da tan 1 ba, har da kai da abokan tafiyarka da man da ke jarka, ka duba ɗan faranti da ke jikin ƙofa ko cikin bonet an rubuta iyakar nauyin. Duk kilon da ya tafi a ƙarfe daga ruwanka da manka aka cire shi, kuma a yashi nauyi shi ke binne taya ya karya sifirin. Ni shawarata ƙasan ya zama 50 da 50 mai kaurin 3, ginshiƙai da sama 40 da 40 mai kaurin 2, na tsakiya 25 da 25 mai 1.5, ruwa da mai da batir su zauna ƙasa-ƙasa gaban tayar baya ko daidai kanta, sama kuwa katifa da tanti kawai, don mota mai nauyi a ka ita ke kifewa a gangaren kwazazzabo.

Wani zai ce me zai hana a yi duka da alminiyom tunda ba nauyi. Amsar tana kan hanya, duk garin da ke cin kasuwa daga nan har Damagaram za ka samu mai walda da janareta da zai ɗinke ma baƙin ƙarfe, mai waldar alminiyom kuwa sai babban gari. Ƙwarangwal ya zama ƙarfe, rufin ya zama alminiyom da ribit, a sa fenti da gam tsakaninsu don in suka haɗu kai tsaye da danshi alminiyom ɗin ke cinyewa.

Wajen saye, ko nan cikin gari ko ka sa a kawo ma daga Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da abin auna kauri da tef. Abin da ake kira 2 mm a baki sau da yawa in ka auna 1.5 ne ko ƙasa, tsawon da ake cewa mita 6 ma ka auna da kanka. In ba ka da ma'aunin kauri ɗora sanda ɗaya a sikeli ka raba da tsawonta ka gwada da lissafin da na bada a sama. Ka sayi ƙarfen da kanka ko ku je tare, kar a haɗa kuɗin kaya da kuɗin aiki a dunƙule, ba don zargi ba, don in farashi ya tashi a tsakiyar aiki kauri ake fara ragewa.

Sai babbar magana, yadda za a ɗora abin a kan mota. Shasi an yi shi ne ya dinga murɗuwa, musamman na Kanta da manyan motoci da ke da canel buɗaɗɗe, in tayar gaba ta hagu ta hau tudu ta baya ta dama ta faɗa rami shasin ke juyawa ya bar tayoyin su taka ƙasa. Akwatinka kuwa ƙaƙƙarfa ne baya juyawa. In aka liƙe su da walda ɗaya sai ya ba da kai, ko akwatin ya tsage ƙofofi su daina rufuwa, ko shasin ya tsage daidai inda akwatin ya ƙare a bayan kan mota, wannan kuwa asara ce babba. Ka duba yadda ake ɗaura ma doki sirdi, a sa shimfiɗa a ƙasa a ja majayi ya kama, dokin na motsi a ƙarƙashi sirdin na zaune, haka ake so. Ƙari a kan haka ƙarfen shasin motocin yanzu zafin walda yana rage mashi ƙarfi, shi yasa a jikin wasu manyan motoci za ka ga takardar gargaɗi kar a yi walda ko huji a leɓen sama da na ƙasa na shasi.

Ga Hilux da Land Cruiser abin da sauƙi, shasinsu rufaffe ne baya juyawa sosai, a yi amfani da ainihin kunnuwan da kamfani ya ɗaura bodin asali a kai, a sa roba mai kauri a tsakani a ɗaure da bol. Ga Kanta akwai hanya biyu. Tsohuwar hanyar masu bodin katako, a shimfiɗa dogon katako mai ƙwari a kan shasi a ɗora ƙasan bodin a kama da yubol, wato bol mai siffar U, a cusa guntun itace cikin canel ɗin don kar yubol ya matse leɓen, tana da araha kowa ya iya gyaranta, kuma in yawancin tafiyarka burji ne ta wadatar, illa dai tana sassautawa sai ana bi ana ɗaurewa. Ɗayar kuma a kafe baya da faranti da bol a jikin bangon shasi, gaba kuma a sa dogon bol mai sifirin nannaɗaɗɗe yadda in shasi ya murɗa bodin zai ɗan ɗaga ya koma, wannan ita ta fi ga mai shiga kwazazzabai da tudun yashi. Akwai ta uku da motocin Unimog na Mercedes ke amfani da ita, bodin ya zauna a kan wuri uku ɗaya yana lilo, ita ce ƙarshe wajen kyau amma tana tara nauyi a wuri kaɗan, in ba wanda zai lissafa ma ita kar ka shiga. Bol kuwa ka duba kanshi ka ga an buga 8.8, lambar da ke nuna ƙarfinshi kenan, da noti mai roba a ciki ko noti biyu, in kuma zai ratsa ta cikin fayif a saka guntun bututu a ciki a yi mashi walda, in ba haka ba kana ɗaurewa fayif ɗin na lotsewa.

Lokacin aikin ka dinga leƙawa. A haɗa a ƙasa kan daɓe mai daidai, a ɗiɗɗiga duka tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangare biyu su zo ɗaya, sannan a fara ja ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don zafi kar ya ja shi wuri guda. Kar a goge waldar ginshiƙi don ado, kar a sa fila sai ka gani da idonka. Bakin kowane fayif ko a toshe shi ruf ko a huda ɗan rami a ƙasa ruwan damina ya fita. In dole sai an yi wata walda bodin na kan mota, a cire kan batir duka biyu, a zare filogin birenbos, a maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da inda ake aikin, a rufe tiyon mai da na birki. Jan fenti na tsatsa ya fara shiga kafin kala, sama ta zama fara saboda zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, soson hana zafi kuma sai an gama duk wata walda don yana kamawa da wuta nan take.

Don Allah abu biyu da suka shafi rai. Kar a kai wuta jikin tanki ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur wai ai babu komai a ciki, tururin da ya rage shi ke fashewa. Fayif mai ruwan galbanaiz kuma hayaƙinshi na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, madarar da ake sha bayan aiki bata kare komai, a goge ruwan a yi a fili. In ka ga yaran shago na riƙe ma oga ƙarfe da baƙin gilashin rana ko ido tsirara, saya masu gilashin walda mai lamba 10 ko 11 ka haɗa cikin kuɗin aikin, bai kai kuɗin fayif ɗaya ba.

Kuɗin aiki ka raba shi uku, kafin alƙalami, sai in an gama ƙwarangwal ka duba kafin fenti, cikon kuma bayan gwaji, a faɗi haka tun farko gaban shaida a rubuta. Gwajin shi ne ka cika tankin ruwa da jarkoki ka loda kamar ranar tafiya, ka bi burji mai gargada na awa biyu ko uku kusa da gida, ka samu wani tudu ka ɗora taya ɗaya a kai ka gwada buɗe ƙofofin akwatin a haka, in sun cije bodin na shan murɗa kenan a sake duba mazaunin. Ka dawo ka bi duk notin da sifana don za su sassauta a karon farko, ka shiga ƙarƙashi da tocila kana duba bakin kowace walda, siririn layi a jikin fenti ko jan gari-gari da ke fitowa daga haɗi alamar tsaga ce ta fara. In an samu kar a shafa walda a kai kawai, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya, a kwarzane ta da giranda, a cike da 7018, a ƙara faranti mai kusurwa uku a gefen fayif ɗin ya raba nauyin.